BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN HARSHEN YEKUWAR RIGAKAFIN YARA A ƘASAR HAUSA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo ire-iren hanyoyin da hukuma take bi wajen isar da saƙon rigakafi ga jama'a, wato sanarwar rediyo da fastoci da shelar masu unguwanni da majigi da kuma bakin ma'aikatan da suke bi gida-gida. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin ɗora harshen waɗannan saƙonni a kan ma'auni, domin a ga inda ya dace da tunanin Bahaushe da kuma inda ya kauce masa. Ya kamata a faɗa tun daga farko cewa wannan nazari ba ya jayayya da amfanin rigakafin kansa. Cutar agana, wadda kakanninmu suke sakaya sunanta su ce 'yan rani saboda tsoro, rigakafi ne ya kawar da ita daga doron ƙasa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 1980. Abin da ake tuhuma a nan shi ne bakin da aka aika ya kai saƙon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shirin faɗaɗa rigakafin yara a 1974, Nijeriya ta shiga cikinsa a 1979, aka kuma sake masa fasali a 1984. Cututtuka shida aka sa a gaba a wancan lokaci: tarin fuka da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da shan inna da ƙyanda. Ke nan fiye da shekara 40 ana magana da Bahaushe a kan abu guda. Idan har bayan wannan tsawon lokaci akwai gidan da ake ɓoye yaro a ƙarƙashin gado in an ji sallamar masu rigakafi, to, wajibi ne manazarcin harshe ya tambaya ko me aka ce wa mutanen gidan, da kuma yadda aka ce musu.

4.1 Kalmar "Rigakafi"

Duk wanda ya fara zaɓar wannan kalma ya yi dace ƙwarai. Kalma ce harɗaɗɗiya wadda aka gina daga "riga" da "kafi". Shi kafi a al'adar Bahaushe ya ƙunshi abu biyu: shingen itatuwa da akan kewaye ƙauye da shi saboda mahara, da kuma asirin tsari da akan binne a gari ko gida ko gona domin kore sharri tun bai iso ba. Saboda haka tunanin tare cuta kafin ta zo ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Laya da guru da rubutun sha da cire belu da wanzami yake yi wa jariri duk suna cikin wannan babi, ko da yake likitoci sun nuna cire belun yana da haɗari. Karin maganar nan ta "rigakafi ya fi magani" ita ce kusan kowace sanarwa take rufewa da ita.

Sai dai a ra'ayin wannan nazari, masu tsara saƙonnin sun ɗauki kalmar sun bar ma'anarta. Akwai abubuwa biyu da kafi yake ɗauke da su, ɗaya zai taimake su ba su yi amfani da shi ba, ɗayan kuma yana yaƙarsu ba su lura ba.

Wanda zai taimake su shi ne cewa kafi na gari ne baki ɗaya. Ba a yi wa rabin gari kafi a bar rabi, kamar yadda ganuwa ba ta da amfani in an bar mata ɓaraka. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da masana kiwon lafiya suke nufi idan suka ce sai an yi wa kusan kashi 95 cikin 100 na yaran wuri rigakafin ƙyanda kafin cutar ta rasa hanyar yaɗuwa. Jaririn da bai kai wata tara ba, wanda ba a isa yi masa allurar ƙyanda ba, yaran maƙwabta da aka yi wa su ne ganuwarsa. Amma yawancin sanarwar da aka saurara suna magana ne da uwa ɗaya a kan ɗanta ɗaya, kamar dai abin ya tsaya a ɗakinta. Da an fito da hoton kafin gari, da mai ƙin rigakafi ya ga kansa a matsayin wanda ya fasa ganuwa, kuma haƙƙin maƙwabtaka abu ne da Bahaushe yake jin nauyinsa a addini da al'ada.

Wanda yake yaƙarsu kuwa shi ne cewa kafi sau ɗaya ake yin sa. In an binne an gama, kuma malamin da ya dawo kowane wata yana cewa a sake, to, ya nuna aikinsa na farko bai ci ba. Ga shi kuwa a shekarun yaƙi da shan inna an riƙa zagayowa sau da yawa a shekara guda, ana ɗiga wa yaro ɗaya magani ɗaya. Dalilin yana nan, kuma mai sauƙin faɗi ne: ɗigon ba ya kama kowane yaro a karon farko, musamman inda gudawa da rashin abinci mai gina jiki suka yawaita, don haka ake maimaitawa har garkuwar jiki ta tsayu. Abin mamaki shi ne da wuya a ji sanarwar da ta tsaya ta yi wannan bayani. Umarni kawai ake bayarwa, a fito da yara ko da an taɓa yi musu. Inda aka bar giɓi a magana kuwa, jita-jita ce take cike shi.

4.2 Sunayen Cututtuka

A nan ne babbar matsalar take, kuma kan "shan inna" ya kamata a daɗe. Sunan da kansa bayani ne na musabbabin cutar. Inna a tsarin bori babbar iska ce, wadda a wasu wurare ake haɗa ta da Doguwa, kuma an yi imani ita ce take shanye ƙafa ko hannun yaro har ya ƙanƙance. Renne (2010), wadda ta yi bincikenta a Zariya, ta nuna yadda wannan fahimta take da ƙarfi a tsakanin jama'a. To, idan mai shela ya ce a zo a karɓi maganin shan inna, abin da kunnen tsohuwa yake ji shi ne wai ɗigo biyu daga kwalba zai hana aljana aikinta. Ciwon iska kuwa, a tsarin maganin gargajiya, ba asibiti ake kai shi ba.

Da masu yekuwa suka fahimci wannan sai suka koma ga aro, suka riƙa cewa "foliyo". Wannan ma bai fitar da su ba, domin sai aka wayi gari da cuta biyu a bakin mutane: shan inna wadda kowa ya san gurgun da ta kama a unguwarsu, da foliyo wadda ake ganin ciwon gwamnati ne da Turawa, ba wanda ya taɓa ganin mai ita. A lokacin tattara bayanan wannan aiki, wata dattijuwa ta shaida wa mai nazari cewa ita jikanta Inna ce ta taɓa shi, foliyo kuwa a rediyo take jin ta. Wannan magana ta isa ta nuna cewa canza suna bai canza fahimta ba.

Abin da ya kamata a yi shi ne a riƙe sunan da mutane suka sani, a kuma ba su sabon labarin yadda abin yake faruwa: ƙwayar cuta ce da take fita ta bayan gidan yaro, ta shiga bakin wani ta ruwa ko abinci ko hannu, kuma cikin kimanin yara 200 da ta shiga jikinsu ɗaya ne take gurguntawa, sauran suna yawo da ita lafiya lau suna rabawa. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce amsar tambayar da iyaye suka fi yi, wato me ya sa za a ba yaron da ba ya ciwo magani. Majigin da aka nuna a ƙauyukan Gezawa ta Jihar Kano a 2008 ya bi irin wannan hanya ta nuna wa ido yadda cutar take tafiya, tare da sa hannun shugabannin gargajiya, kuma a ganin mai nazari ya fi fasta dubu.

Sauran sunayen ba su kai wannan rikici ba, amma suna da nasu. "Shawara" kalma ɗaya ce da Bahaushe yake kiran duk ciwon da ya sa ido ya yi rawaya, alhali likita ya raba su: akwai wadda sauro yake kawowa, akwai ciwon hanta, akwai kuma ta jarirai sababbin haihuwa. Uwar da aka ce an yi wa ɗanta allurar shawara, in ta ga idonsa ya yi rawaya saboda wani dalili daban, sai ta yanke hukunci cewa allurar ƙarya ce. Ƙyanda kuwa, wadda ake sakayawa da baƙon dauro, matsalarta ita ce an ɗauke ta baƙon da dole ya sauka a kowane gida, sai dai a yi fatan ya tashi lafiya.

Haka kuma akwai sakaci wajen kalmar "allura". Sau da yawa akan ji "allurar rigakafin shan inna" alhali wanda ake bi gida-gida da shi ɗigo ne a baki. Ga kuma "lamba", kalmar da ta samo asali tun zamanin agana, wadda mata suke kiran allurar tarin fuka da ita saboda tabon da take bari a hannu. Kalma ce da ta zauna daram a bakin mata, amma ba kasafai ake jin ta a sanarwa ba.

4.3 "Kyauta Ne"

Babu jimlar da ake maimaitawa kamar wannan, kuma babu wadda ta fi ta jawo zargi. Mai tsara saƙo yana ganin ya kawar da uzurin rashin kuɗi. Bahaushe kuwa yana da nasa ma'aunin: ruwa ba ya tsami banza, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Magidancin da ya kai ɗansa asibiti da zazzaɓin cizon sauro aka rubuta masa magani ya je ya saya, shi ne kuma ake biyowa har zaure da maganin cutar da bai nema ba, ana roƙonsa ya karɓa. Tambayar da zai yi ba ta jahilci ba ce.

Wannan zargi yana da tarihi a bayansa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, har aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Shi Trovan magani ne na warkarwa, ba shi da alaƙa da rigakafi, amma mutumin unguwa bai raba su ba, kuma ba a zauna an raba masa ba. Da aka zo 2003, sai wasu shugabanni, ciki har da Dokta Datti Ahmad na Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, suka yi zargin cewa an gurɓata ɗigon shan inna da sinadarin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Kano ba ta dawo ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga Indonisiya. Kafin ƙura ta lafa cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da a da suka rabu da ita, kuma a 2006 yara sama da 1,000 ta gurgunta a Nijeriya. A watan Fabrairu na 2013 kuma aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a cikin birnin Kano.

Abin lura ga manazarcin harshe shi ne yadda ɓangarorin biyu suka yi magana. Masu zargi sun yi amfani da Hausar masallaci da ta majalisa, gajeriya mai shiga zuciya, suka taɓa abin da Bahaushe ya fi ƙauna, wato zuri'a. Hukuma kuwa ta mayar da martani da Hausar fassara, mai ɗauke da ƙamshin Turancin da aka juyo ta daga gare shi, cike da "an tabbatar" da "bincike ya nuna", ba tare da an ga fuskar mai tabbatarwar ba. Gaskiya tana wajen hukuma, domin miliyoyin 'yan matan da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci sun girma sun yi aure sun haihu, amma iya magana tana wajen abokan hamayyarta. Al'amarin bai juya sosai ba sai da aka canza masu maganar. A 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan da mutane suke bukata, kamar sabulu da gidan sauro da allurar ƙyanda. A 2009 kuma aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya matakin farko, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Malamai suka shiga kawo hujja daga cikin addini, kamar labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ya kuma nuna cewa gudun nasa ma yana cikin ƙaddarar Allah. Da wannan aka warware ƙullin da ake yi tsakanin rigakafi da rashin tawakkali. An ga mai ɗauke da ƙwayar shan inna ta daji na ƙarshe a Jihar Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020, ko da yake an ci gaba da samun wani nau'in da yake ɓulla a wuraren da rigakafi ya yi ƙaranci, wanda shi ya sa ba a daina zagayen ba.

4.4 Wa Ake Yi wa Magana?

"Kira ga iyaye mata" shi ne mabuɗin da ya fi yawa. Amma a gidan Bahaushe mace ba ta fita sai da izinin maigida, kuma a kan sha'anin jariri, musamman ɗan fari wanda uwa take kunyarsa, maganar kaka ita ce gaba. An kira wadda ba ta da ikon amsawa, an tsallake masu ikon. Fastocin ma haka suke, hoton uwa da jariri da ma'aikaciyar jinya, da wuya a ga uba. Rubutun kuma na boko ne, alhali akwai ɗimbin magidanta da ajami ne karatunsu.

Akwai kuma batun alamar alli da ma'aikata suke rubutawa a bango ko ƙofar gida bayan sun gama, da haruffa da lambobin da su kaɗai suka san ma'anarsu. A wurinsu lissafin aiki ne. A al'adar da rubutun da ba a san kansa ba a ƙofar gida yake iya zama sammu, wannan ma saƙo ne, kuma ba a fassara shi ba.

Hoton gurgu a kan fasta shi ma abin dubawa ne. An mayar da shi dodon tsoratarwa, ba shi da suna ba shi da baki. Ya fi tasiri, ya kuma fi mutunci, a lokacin da waɗanda cutar ta gurgunta suka shiga yekuwar da kansu a kan kekunansu, suna magana da iyaye baki da baki.

4.5 Lissafin Lokaci da Abin da Aka Ɓoye

Jadawalin rigakafi ya tanadi cewa a yi wa jariri na farko da zarar an haife shi, sannan a sati 6 da sati 10 da sati 14, sai wata 9, sai kuma allurar ƙyanda ta biyu a wata 15. Haka ake karanta shi a rediyo, haka yake a kati. Mai jego kuwa ba da sati take lissafi ba. Tana lissafi ne da suna da arba'in da zama da rarrafe da yaye. Sati 6 kwana 42 ne, wato kwana biyu kacal bayan arba'in, daidai lokacin da ta gama wankan jego ta fara fita yawon arba'in. Da an ce mata in ta yi arba'in, asibiti ne gidan farko da za ta kai jaririnta, daga nan kuma wata-wata har sau biyu, da ba ta bukatar kati ya tuna mata. Rigakafin farko kuwa, tun da yawancin haihuwa a karkara a gida ake yi kuma mai jego ba ta fita, ungozoma da wanzami da limamin da zai raɗa suna su ne mutanen da suke ganin jariri a makonsa na farko, su ya kamata saƙon ya bi ta bakinsu.

Daɗin daɗawa, akwai gaskiyar da sanarwa take tsallakewa. Allurar nan ta cinya mai haɗe da rigakafin cuta biyar, wadda aka fara a Nijeriya a 2012, takan sa zazzaɓi da kumburi na kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba illa ba ce, alama ce ta jiki yana karɓar aikin. Amma uwar da aka ce mata "ba ya da wata matsala", ta kai ɗanta lafiya ta dawo ya kwana yana kuka, maigida ya yi faɗa, ba za ta koma ta biyu ba. Ita kuwa wannan allura sai an yi ta sau uku take cika, kuma ita ce take ɗauke da rigakafin mashaƙo. Shekarun da aka yi ana bin gida-gida da ɗigon shan inna sun sa iyaye da yawa sun ɗauka shi ke nan rigakafi, yaron da aka shafa wa tawada a ɗan yatsa ya gama. Da mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022 ya kuma tsananta a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma mafi yawansu yara ne da ba a yi musu wannan allura ba ko ba a ƙarasa musu ita ba.